Kwana biyu a masaukin bakin teku a Keta, ɗaki lafiya lau amma ina yashin da na gani a hoto?

Na je Ghana gaida Gwaggona a unguwar Nima da ke Accra, sai ɗanta Yaya ya ce ba zan koma Kano ban ga teku da kyau ba, wai na Accra duk hayaniya ce da leda. Muka kama hanyar Keta, muka tsallaka gadar Sogakope a kan kogin Volta, muka sauka a wani ɗan masauki da na kama mana ta waya. Ba zan kama sunansa ba don mutanen kirki ne, amma dai ku ji.

Abin da ya sa na tura kuɗi hotunansu ne a Facebook, fili fetal na yashi, layin bishiyoyin kwakwa da rumfunan ciyawa, daga ƙofar ɗaki sai ka yi 'yar tafiya kafin ƙafarka ta taɓa ruwa. Da muka isa wallahi sai da na sake duba wayar ko mun yi ɓatan kai ne. Rumfa ɗaya ta rage, kwakwa biyu suna kwance saiwarsu a waje kamar an tuge haƙori, inda ya kamata a ce yashi ne buhunan ƙasa aka jera suna ta yagewa. Idan ruwa ya cika da dare kuwa ƙarar igiyar har cikin ƙirji, ni da tafkin Tiga ne iyakar sanina da ruwa ai ban rintsa ba daren farko, ina ta ja wa kaina addu'a Yaya yana ta munshari abinsa.

Ɗakin dai ba laifi, zanin gado fes, fanka na aiki, akwai gidan sauro kuma dole ka shiga don sauron tafkin Keta ba ya wasa. Da na nemi alƙibla yaron wurin bai sani ba amma ya samo min tabarma mai tsafta. Abinci kam na ba su, gasasshen karfasa da tuwonsu na banku da yaji, ga waɗannan ƙananan kifayen da suke kira 'yan makarantar Keta, na sha dariyar sunan.

Da safe na tare dattijon da ke gadi na ce Baba ina filin da ke hoto? Sai kawai ya nuna min cikin ruwa, Yaya na yi mana tafinta. Ba yau abin ya fara ba. Tun da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 yashin da Volta ke kawowa gaɓar nan ya ragu, ga masu ɗibar yashin gini, sannan ga tekun kanta tana ƙara tasowa saboda ɗumamar duniya. An jibge manyan duwatsu don kare garin, aikin ya ƙare wajen 2004, ya taimaka wa inda ya rufe amma sai cin gaɓar ya ƙara matsawa gabas wajen iyakar Togo. A Nuwamban 2021 ma igiya ta shiga gidaje cikin dare ta raba dubban mutane da muhallinsu a yankin nan. Mun leƙa Fort Prinzenstein da Turawan Danmak suka gina a 1784 suna tsare bayi, teku ta cinye babban ɓangarensa, sauran na nan tsaye gishiri na cin bangon.

To ban ga laifinsu a kan teku ba, wa ya isa ya hana ta? Laifinsu ɗaya, barin tsohon hoto suna karɓar kuɗin mutane da shi. Tauraro uku na ba su cikin biyar. In za ku je ku ce a ɗauko muku bidiyon wurin a ranar a turo ta WhatsApp kafin ku biya ko sisi, kuma in da yara ku nemi ɗakunan baya, na gaban nan da safe jiƙaƙƙen yashi muka tarar har kan takalmanmu a baranda.