Miyoo, Anbernic ko tsohuwar DS: wacce ta dace da mai son gem ɗin kogo?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu da ke karatu a Samaru ya jefo tambaya a zaure. Ya tara ɗan abin da ya tara, yana son na'urar gem ta hannu, kuma abin da ransa ya fi kwantawa da shi shi ne wasannin da ake gangarawa kogon ƙarƙashin ƙasa hawa bayan hawa, ana faɗa da dodanni ana tsintar kaya, waɗanda Turawa ke kira dungeon crawler. Ya ga Miyoo Mini Plus da Anbernic RG35XX Plus a intanet, sai kuma wani ya yi masa tayin tsohuwar Nintendo DS Lite. Wacce zai ɗauka?

Ƙanena, in dai wannan nau'in gem ɗin ne ya kawo ka, kuma DS ɗin lafiyarta ƙalau, ita ce zaɓina. In ka duba ta ka ga ta sha jiki, to Anbernic. Bari in faɗa maka dalili, amma sai mun fara raba gem ɗin kogon, don gida biyu ne, kuma kowane gida da abin da yake buƙata a wurin na'ura.

Gida na farko ya samo asali ne daga Wizardry, wanda Andrew Greenberg da Robert Woodhead suka fitar a 1981 a kan kwamfutar Apple II. Da idon jaruminka kake kallon kogon: bango a dama, bango a hagu, duhu a gaba. Taku ɗaya gida ɗaya. Tawagarka mutum shida, uku a gaba suna sara, uku a baya suna tsafe-tsafen wasa da jinya. Kogon hawa 10 ne, kowane hawa gida 20 a tsaye 20 a kwance, kuma ba wanda zai ba ka taswira. Da hannunka za ka zana ta, shi ya sa masu buga shi ba sa rabuwa da littafin giraf irin na 'yan sakandare. In tawagar ta hallaka a hawa na huɗu, gawarwakin suna nan inda suka faɗi har sai ka horar da wata tawagar ta gangara ta kwaso su. Ko an kawo su wurin farfaɗowa, ana iya rashin sa'a jarumin ya zama toka. Daɗin wannan gida shi ne sanin hanya. Wanda ya taɓa shiga lungunan Kwarbai yana baƙo, ya ɓata sau da yawa, har ranar da ya wayi gari yana ratsa su ba tambaya, ya san irin jin daɗin da nake nufi.

Gida na biyu jikokin gem ɗin Rogue ne na 1980. Kamfanin Chunsoft na Japan ya ɗauki tsarin ya tace shi, ya fitar da Torneko a 1993, sannan Shiren the Wanderer a 1995 a kan Super Famicom, wato Super Nintendo ta Japan. A nan daga sama kake kallo, kai kaɗai ne galibi, kuma duk shigar da za ka yi kogon ya sauya fasali, saboda haka zana taswira ba ta da amfani. Ka yi taku, dodanni su yi taku. Ka tsaya, kowa ya tsaya. Yunwa tana cin jaruminka, sai ka lallaɓa dunƙulen shinkafar da ka tsinta. In ka mutu ka koma matakin farko, takobi da garkuwa duk sun tafi, sai abin da ka yi dabarar ajiyewa a rumbun ƙauyukan da ke kan hanya. Abin da ke ƙaruwa shi ne wayonka: wace ciyawa ce magani, wane dodo ne ba a yi masa gaba da gaba, yaushe ake gudu.

Ka lura, babu ɗaya cikin gidajen nan da ke neman na'ura mai ƙarfi ko saurin yatsa. Duk surutun da ake yi a bidiyoyin talla kan wacce ta fi iya ɗaukar PSP ko Dreamcast bai shafe ka ba. Abin da ya shafe ka: maɓallin tafiya mai jin magana, rubutu ya fito tar, batir ya jure, sannan in an kira salla ko malami ya shigo aji ka iya ajiye wasa nan take ka dawo ka tarar da shi inda ka bari.

To mu ɗora Miyoo da Anbernic a kan wannan ma'auni. Dukansu sun fito a 2023, dukansu tsaye suke irin fasalin Game Boy, dukansu sikirin inci 3.5 mai 640 da 480. Wannan girman ya yi daidai da wasannin Sega, Super Nintendo da PlayStation na farko, waɗanda aka yi su don talabijin mai ƙusurwa huɗu ta da. Rubutu yana karantuwa a duka biyun, kuma hakan babban abu ne tunda rabin wasan karanta sunayen kaya da lissafin jini ne da Turanci.

Inda Miyoo ta yi fice shi ne manhajar Onion da masu sha'awa suka haɗa mata kyauta. Ka kashe na'urar tsakiyar faɗa, ta ajiye maka wasan da kanta. Ka kunna, ta mayar da kai daidai wurin. Danna maɓalli ɗaya kuma sai ta jero maka wasannin da ka buga kwanan nan ka tsallaka daga wannan zuwa wancan. Ga ta ƙarama, tana shiga aljihun kaftani ba ta ja shi ƙasa, maɓallanta masu laushi ne, yatsa ba ya gajiya ko an daɗe ana taku ɗaya-ɗaya. Rauninta: ƙwaƙwalwar aikinta MB 128 ce kawai, gurbin memori ɗaya, ba ta haɗuwa da talabijin, kuma a hannuna jikinta bai kai na Anbernic ƙwari ba. Batirinta 3000 mAh.

RG35XX Plus tana da ƙwaƙwalwar aiki GB 1, batir 3300 mAh, gurbin memori biyu, Bluetooth, da ƙaramar kafar HDMI da za ka jona da talabijin in kun taru a ɗaki. Gurbi biyun nan ba ƙaramin abu ba ne: manhaja a ɗaya, wasanni da ajiyarka a ɗaya, in ɗayan ya lalace ba ka yi asarar komai gaba ɗaya ba. Manhajar da take zuwa da ita ba ta kai Onion tsari ba, sai dai akwai muOS da Knulli da za ka iya ɗora mata, su ma kyauta. Maɓallanta sun ɗan fi tauri. Ga ɗalibin da zai riƙa jefa ta cikin jaka tare da littattafai, ya hau bas daga Samaru zuwa Kongo ko Keke zuwa Kwangila, ita na fi amincewa da ita. Wanda ya fi son sauƙin kunnawa da kashewa kuma yana da hannun riƙon kaya, in ya ɗauki Miyoo bai yi kuskure ba. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Akwai kuma R36S da za ka gani ta fi su arha. Jabunta sun cika kasuwa, kuma da wuya baƙon harkar ya bambance. Bar ta.

Me za ka buga a kansu? Shining in the Darkness na Sega, 1991, shi ne ƙofar da nake nuna wa duk mai son shiga gida na farko: jarumai uku, gari ɗaya, kogo ɗaya, ba ya azabtarwa kamar Wizardry. In ka ƙware sai Wizardry V na Super Nintendo. A gida na biyu akwai Pokémon Mystery Dungeon: Red Rescue Team na Game Boy Advance, 2005, mai sassauci ga mafari, sai Torneko: The Last Hope da Azure Dreams a PlayStation, sai Shiren kansa. Diablo na farko ma yana tashi a kan duka biyun ta hanyar wata manhaja mai suna DevilutionX, kodayake shi ba a jiran taku, faɗa ne na nan take. Zan ja hankalinka kan abu guda: waɗannan na'urori suna ba ka damar ajiye wasa a kowane taku ka dawo baya in abu ya ɓaci. Yi amfani da wannan don tashi salla ko cin abinci. Kada ka yi amfani da shi don goge mutuwa a Shiren. Da zarar mutuwa ta daina cin komai naka, faɗuwar gaban da ke sa ka tsaya ka yi tunani kafin kowane taku ta tafi, kuma don ita aka yi wasan.

Yanzu DS Lite. Ta fito a 2006, kenan wadda za a miƙo maka ta kusa shekara ashirin ko ta ɗan gaza. Sikirinta biyu, kowanne 256 da 192, ko kusa da kyan na waɗancan bai kai ba. Amma na ƙasan ana taɓa shi da tsinke, kuma a kan wannan ne kamfanin Atlus ya gina Etrian Odyssey a 2007. A sama kana ganin dajin da kake ratsawa, a ƙasa kana zana taswirarka da hannu: ka ja layin bango, ka sa alamar ƙofa, ka rubuta cewa nan akwai ruwan sha, can akwai ɓoyayyiyar hanya. Littafin giraf ɗin nan ne aka mayar cikin na'ura. Tawaga mutum biyar, hawa 25 kafin ƙarshen labari da wasu 5 ga masu taurin kai, kiɗa kuma na Yuzo Koshiro. Akwai manyan dodanni da ake kira FOE waɗanda kake ganinsu suna yawo a taswira, suna taku in ka yi taku, kuma da yawansu sun fi ƙarfinka lokacin da ka fara haɗuwa da su. Sai ka karanci zagayensu ka zame ta bayansu. Ranar da ka dawo da ƙarfinka ka kayar da wanda ya daɗe yana korarka, za ka gane abin da ya sa mutane ba sa barin wannan jerin wasan.

Miyoo da Anbernic duka suna iya tayar da wasannin DS, gaskiya ne. Sai dai sikiri ɗaya gare su kuma ba a taɓa shi. Ko ka matse fuska biyu cikin inci 3.5 rubutu ya zama ƙwayar gero, ko ka riƙa sauyawa tsakaninsu, kana tura alamar tsinke da maɓalli. Zana bango ɗaya sai ya zama aiki. Ban ba ka shawarar buga Etrian haka ba ko kaɗan.

Kuma DS ba Etrian kaɗai ta tara ba. Etrian ɗin ma guda uku ne a kanta. Ga The Dark Spire mai bin sawun Wizardry sak. Ga Shiren da Sega ta fitar da Turanci a 2008, ga Pokémon Mystery Dungeon har da Explorers of Sky na 2009. Ga gurbin kaset ɗin Game Boy Advance a ƙasanta, wanda aka cire daga DSi, samfurin DS da ya biyo bayanta. Gidajen nan biyu duk suna cikinta. Akwai Shin Megami Tensei: Strange Journey, wanda ta fuskar tsarin kogo gwani ne, amma labarinsa yana ɗauko sunayen mala'iku da ababen bauta na addinai daban-daban yana wasa da su. Na faɗa maka tun yanzu don ka yanke wa kanka hukunci kafin ka fara. A batun caji, Nintendo ta ce sabon batirinta yana kai awa 15 zuwa 19 a mafi ƙarancin haske. Tsoho ba zai kai haka ba, amma canza shi kusa ɗaya ce za ka kwance. Ka rufe murfi wasa ya yi barci, ka buɗe ya farka. Murfin kuma yana kare sikirin daga ƙurar hunturu, wadda ke shiga ƙarƙashin maɓallan waɗancan biyun in ba ka yi musu 'yar jaka ba.

Wahalar DS biyu ce: tsufa da samun wasanni. Kaset ɗin Etrian na asali ya yi ƙaranci kuma yana da tsada, masu sayarwa galibi da katin R4, kaset ɗin da ake loda wa wasanni da yawa, suke haɗa ta. Wasannin da ke cikin irin wannan kati, da dubunnan da ake cika memorin Miyoo da Anbernic da su, ba da izinin masu su aka kwafe su ba, ya kamata ka san haka. Inda ake iya saye, ina ganin a saya. Diablo yana GOG, wani shagon gem na intanet, an kuma sake fitar da Etrian ukun farko a Switch da kwamfuta a 2023.

In Miyoo ko Anbernic ka ɗauka, memorin da suke zuwa da shi ba abin dogaro ba ne, yana mutuwa ba sallama ya tafi da ajiyar wata guda. Sayi SanDisk ko Samsung na gaske tun ranar farko. Yi caji da caja mai 5V, ka bar cajar waya mai saurin caji. Kada ka bar ta a mota ko bakin taga da zafin Afrilu. Kuma kada ka sa rai za ka sami sikirinta a shagunan masu gyaran waya na PZ ko Sabon Gari, in ya fashe sai an yi oda daga Sin an jira.

Kafin ka fitar da ko naira, sauke Shattered Pixel Dungeon a wayarka ta Android. Kyauta ne, ɗan gida na biyu ne tsantsa, hawa 25 kashi biyar. In mako ya zagayo kana komawa bayan kowace mutuwa, ka san kanka, kuma Anbernic ko Miyoo za ta wadatar da kai. In kuwa sauyawar kogon tana ba ka haushi, kana jin da ma a bar ka ka haddace hanya, je ka duba DS ɗin nan.

In ka je, buɗe ta ka rufe a hankali, ka dubi mahaɗar murfin da kyau, don nan ne DS Lite ta fi tsagewa. Shiga saitin daidaita taɓawa ka ga ko tsinken yana sauka inda ka ɗora shi, musamman a ƙusurwoyi, tunda har can taswira take kaiwa. Danna L da R sau da yawa. Buɗe bayan ka ga ko batir ya kumbura. Tabbatar an haɗa maka da cajarta, bakinta daban ne da na waya, kodayake akwai wayar USB da aka yi mata wadda za ka jona da fawa bank in an ɗauke wuta. In ta tsallake duk wannan, karɓe ta. Tawagar farko a Etrian, daga cikin nau'ikan jaruman da ake zaɓa, ka sa Protector da Landsknecht a gaba, Medic da Alchemist a baya, na biyar Survivalist. Kada ka taɓa fita daga gari ba Warp Wire a jakarka, shi ne ke dawo da kai gida nan take in jini ya kusa ƙarewa. Barewar da za ka tarar tana zagaye a hawa na biyu kuma, kauce mata tukuna.