Rim mai waya, na ƙarfe ko Minilite: wanne ya dace da tsohuwar MGB?

Wanda ya mallaki MGB, ƙaramar motar tseren da aka ƙera a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, ba ya daɗewa idonsa ya kai kan rim mai waya. Gaskiya yana da kyau, musamman wanda aka shafe da kurom yana walƙiya. Amma kafin ka ciro kuɗi, leƙa ƙarƙashin motar tukuna, domin tun daga masana'anta aksul ɗin baya na mota mai rim ɗin waya ya fi na mai rim ɗin ƙarfe gajarta. Sauya wannan da wancan ba kwance noti huɗu ba ne kawai. In ka ɗaura rim ɗin waya a kan dogon aksul, taya za ta turo waje har ta riƙa gogar bodi a kwana.

Rim mai waya na MGB inci 14 ne, da wayoyi 60, an ɗaure su kamar na ƙafar keke, kuma kamar na keken suke saki ko su tsinke. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da sifana: lafiyayya tana yin ƙara siririya, wadda ta saki tana amo a dushe. Babbar matsalar dai a cibiya take. Rim ɗin yana shiga ne kan wasu haƙora da ke jikin hob, wato ƙarfen da ke juyawa a bakin aksul, a ɗaure shi da babban noti guda mai kunnuwa, wanda ake bugawa da gudumar tagulla ko ta dalma. Haƙoran nan suna cinyewa. In kana jin "ƙwas" daga baya duk lokacin da ka tashi mota ko ka taka birki, sun fara tafiya, kuma in suka ƙare hob zai juya ya bar rim, birkin wannan ƙafar ya zama na banza. Sabon rim a kan cinyayyen hob asarar kuɗi ce, tare ake sauya su. Ana shafa musu giris duk lokacin da aka cire ƙafa. Notin ɓangaren dama kuma zarensa na hagu ne, shi ya sa aka rubuta UNDO, wato kwance, da kibiya a kansa. Bi kibiyar, kar ka bi sabo.

Rim ɗin ƙarfe, har da samfurin Rostyle da ya zo wajen 1970, ba shi da wannan rigima. Ya fi araha, kowane mai faci zai iya aikinsa, sai dai tsatsa. Minilite, rim mai kaurarrun sanduna takwas a madadin wayoyi, ya yi suna a tseren rali na shekarun 1960, don haka ba baƙo ba ne a jikin motar zamanin. Na asali da maganiziyam aka yi shi, na yanzu galibi alminiyam ne. Ba ya neman tiyub, wanki kuma minti kaɗan. Ga mai hawa kullum, shi zan zaɓa.

Zancen taya ya fi na rim muhimmanci, ko da yake ba a cika ɗokinsa ba. MGB ta farko ta fito da taya mai saƙar gicciye, wato wadda zarurukan cikinta suka gitta juna, mai lamba 5.60-14. Irin wannan tana sa sitiyari ya yi sauƙi, tana kuma ba motar kamanninta na asali, amma tana bin duk wani tsagi na kwalta, riƙonta a ruwa kuma ba ya kai na radiyal, wadda zarurukanta ke miƙe daga wannan gefen taya zuwa wancan. Radiyal ba sabon abu ba ne ga waɗannan motoci: Michelin ta yi rajistar fasahar a 1946, Pirelli ta fito da Cinturato a farkon shekarun 1950, Michelin XAS kuma ta zo a 1965. Har yau ana buga Cinturato da XAS da tsohon zanensu, ana samunsu a wurin dillalai irin su Longstone da Vintage Tyres a Ingila. Suna da tsada, amma an yi su ne da kafaɗa mai zagaye da ta dace da yadda ƙafafun tsohuwar mota ke kwanciya a kwana. Kada ka haɗa radiyal da mai gicciye a aksul ɗaya, dokar Birtaniya ma ta hana.

Girman da ya dace shi ne 155 ko 165 R14. Mutane da yawa suna sa 185/70 R14 saboda tsayinta kusan ɗaya ne da 165, kuma ta fi sauƙin samu. Sai dai MGB ba ta da fawa sitiyari, faɗin nan a damtsenka za ka ji shi wajen fakin, kuma siririn rim na asali bai dace da ita ba. Yawancin rim masu waya suna buƙatar tiyub da robar da ke rufe kawunan wayoyi, don haka tambayi dillali ko tayar da kake so ta yarda da tiyub, ka kuma nemi mai injin balansi da ke da mazaunin irin wannan rim, in ba haka ba sitiyari zai yi ta rawa.

Tsohuwar mota ba ta cinye taya, tsufa ke kashe ta. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In lambobi uku ne, kafin 2000 aka yi ta. Michelin tana ba da shawarar a sauya duk tayar da ta kai shekara 10 ko da zanenta bai taɓu ba, har da sifiya da ke kwance a but.