Ciyawar ado don lungun da ba ya bushewa: wacce za ka saya?

Kusan kowane lambu yana da wurin da ruwa ke kwanciya, ko gindin famfo ko bakin rariya, inda duk fulawar da aka dasa sai saiwarta ta ruɓe. Dangin ciyawar fadama ne ke son irin wannan wuri, amma ba duka ne suka cancanci kuɗinka ba.

Wadda ake yawan tallatawa a intanet ita ce Juncus effusus, mai siraran kara kore shar, wadda mutanen Japan ke saƙa tabarmar tatami da ita. Tsayinta kusan mita 1 ne, kuma a dunƙule take girma, ba ta mamaye wuri. Akwai nau'inta mai suna Spiralis, karanta a murɗe kamar igiya, gajere ne, ya dace da tukunya. Sai dai ta fi jin daɗin wuri mai sanyi-sanyi. A Jos za ta sake. A Kano ko Sakkwato sai ka nema mata inuwa da ruwa kullum a watan Afrilu.

Ni dai kajiji nake zaɓa. Eh, wannan kajijin da iyayenmu mata ke sawa a turaren wuta. Karansa zagayayye ne, miƙaƙƙe, ba ganye, yakan wuce mita 1, kuma zafinmu ba baƙonsa ba ne. Da safe idan raɓa ta sauka a kansa abin sha'awa ne, ga saiwar mai ƙamshi da za ka tono bayan damina. Aibinsa ɗaya: saiwar tana yaɗo a ƙarƙashin ƙasa. Ka dasa shi a babban kasko ko rabin duro, ka binne a lakar.

Papyrus, dogon tsiron ruwa irin na Tafkin Chadi, yana kai mita 3 zuwa 4. Sai mai fili.

Kacalla kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Kanta mai kama da gero yana da kyau, amma ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Challawa, ta hana manoma da masunta sakat. Kai ɗaya yana watsa dubban iri a iska.

Wajen mai sayar da fulawa, ka ce ya zare tsiron daga leda ka gani. Saiwa fara mai ƙwari ita ake nema. Baƙa mai wari, ka ajiye masa. Bayan ka dasa, ƙasa ta kasance a jiƙe amma kada ruwa ya taru a sama kwana da kwanaki, saboda sauro.