Hukumar ABCMR ta sojan Amurka: kyauta ce, amma sai da hujja

Tsohon sojan ƙasa na Amurka da lambar yabonsa ta yaƙi ba ta fito a takardar sallamarsa, DD-214, ba, hukumar ABCMR, mai gyara kurakuran bayanan aikin soja, ita ce ƙofarsa ta ƙarshe a cikin rundunar. Ba a biyan ko sisi, fom ɗinta DD-149 kuma ba wuyar cikewa. Sai dai kada a fara da ita. A nemi gyaran a ofishin HRC, mai kula da harkokin ma'aikatan rundunar a sansanin Fort Knox, tukuna, in ba haka ba hukumar takan dawo wa mutum da takardunsa.

Wajen hujja ake faɗuwa. Hukumar ba ta yi wa kowa bincike, abin da ke fayil take ɗauka daidai har sai an nuna mata kuskuren. Misali lambar Combat Action Badge, ta sojan da ya yi arangama da abokan gaba, wadda aka kafa a 2005: zuwa fagen yaƙi kamar Iraƙi kaɗai ba ya ba da ita. A kawo rana da wurin arangamar, takardar turawa fagen daga, da rubutacciyar rantsuwar abokan aiki biyu da suka gani da ido.

Wa'adin nema shekara 3 ne daga gano kuskuren, amma ana ɗaga ƙafa. Jiran hukunci ne ke cin rai: doka ta ba su har wata 18, ya yi wa dattijo yawa.