Rustom: fim ɗin da ya shiga layin 'yan tafi

Yaron da ke tura min finafinai a waya, can bakin titi kusa da ƙofar Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, shi ya nace sai na karɓi Rustom. "Anti, shari'a ce zalla, irin wadda kike so." Fim ɗin Akshay Kumar ne na 2016, Tinu Suresh Desai ya ba da umarni, tsawonsa ya kusa awa biyu da rabi. Hoto ya fito tas, sauti ba laifi, sai dai ya cinye min wuri a waya.

Rustom (Akshay Kumar), hafsan sojan ruwa, ya dawo daga tafiya, ya gano matarsa na hulɗa da abokinsa. Ya ɗauki bindiga ya je ya ɗirka masa harsashi uku, sannan ya miƙa kansa ga 'yan sanda. Ke nan ba a neman wanda ya yi kisa, tun farko an san shi. Abin kallo shi ne yadda gari ya karɓi maganar.

A nan fim ɗin ya yi ƙoƙari. Wani mai jarida ɗan ƙabilar su Rustom ya ɗauki shari'ar ya mai da ita haja. Kullum hoton Rustom a shafin farko, cikin fararen kayan soja, ko ƙura babu. Mamacin kuwa an mai da shi ɗan iska mai lalata matan mutane, ga shi ba bakin kare kansa. Kafin a gama jin shaidu, kan titi ya riga ya wanke mai kisa. Su kuma mutanen da aka ɗebo daga cikin jama'a don su yanke hukunci, ai jaridar nan suke karantawa, gidajen nan suke komawa su kwana. Mu da alƙali ne ke yanke hukunci a kotunanmu, wannan tsari zai ɗan ɗaure mana kai, amma duk wanda ya ga yadda ake gama wa mutum shari'a a Facebook kafin la'asar zai gane hayaniyar.

Inda muka raba gari da fim ɗin shi ne shi ma ya shiga layin 'yan tafi. Lauyan gwamnati an mai da shi abin dariya, Rustom da kansa yake kare kansa yana juya shaidu yadda ya ga dama, aka kuma cusa wani labarin cin hanci a cinikin jirgin yaƙi don dai a ƙara masa kwarjini. Da aka ce ba shi da laifi, sai murna, sai a tashi.

Ƙanena da ke karatun lauya a Kongo ya ce shari'ar ta gaske ba nan ta tsaya ba. Daga shari'ar K. M. Nanavati aka samo labarin, wanda ya harbe Prem Ahuja a Bombay a 1959. Jaridar Blitz ce ta tsaya masa, har 'yan tireda suka riƙa sayar da bindigar wasa da sunansa. Mutum 8 cikin 9 suka wanke shi, amma alƙalin bai yarda ba, ya tura batun babbar kotu. Can aka duba tawul ɗin da ke ɗaure a ƙugun mamacin: da kokawa aka yi kamar yadda Nanavati ya faɗa, ya za a yi bai kwance ba? Aka yanke masa ɗaurin rai da rai, kotun ƙoli ta tabbatar a 1961. Bayan wajen shekara uku a gidan yari gwamnar jihar, Vijaya Lakshmi Pandit, ƙanwar Nehru, firaministan Indiya na farko, ta yi masa afuwa, ya kwashi iyalinsa zuwa Kanada.

Wannan rabin, inda alƙalai suka toshe kunne daga ihun gari, shi ne mafi daɗi, kuma shi aka yanke.

Akshay ya iya takunsa, har lambar yabo ta ƙasa ya samu a kan fim ɗin. Waƙoƙin farko ne suka ja lokaci, na riƙa tura su gaba. Akwai wuraren da ba na yara ba, kada a kunna shi a falo kowa na zaune.