Wasiƙa Daga Sikotlan: Filayen Golf Da Muka Buga Da Waɗanda Muka Bari

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da su Hajiya da yara baki ɗaya. Saƙonka ya iso, inda ka ce ku huɗu kuna shirin zuwa baɗi cikin watan Yuni, in duba muku filayen da za ku buga. Na ga jerin da ka turo: Old Course na St Andrews, Carnoustie, Kingsbarns, Muirfield. Duk wanda yake kallon gasa a talabijin sunayen da zai rubuta ke nan, mu ma da su muka fara bana, ni da abokaina uku. Shi ya sa na zauna in rubuta maka dalla-dalla, don abin ya fi ƙarfin saƙon murya.

Tafiyarmu kwana shida ce. Ni daga Gilasgo, likitan nan da ka sani daga Manchesta, Alhaji wanda ya taso daga gida takanas, sai ƙanin Alhaji da bai fi shekara guda da fara riƙe sanda ba. Mun kama gida a wani ƙauyen masunta a yankin Fife, kusan minti ashirin a mota zuwa St Andrews. Ka riƙe zancen ƙanin nan, don a kansa duk lissafinmu ya sauya.

Abin da ya fara ba ni mamaki game da St Andrews shi ne filin ba na wani attajiri ba ne, ba kuma na kulob ba. Ƙasar jama'a ce, wata hukumar amintattu da doka ta kafa a 1974 ke kula da ita, kuma lokacin da muka je filaye bakwai ne a hannunta, ba ɗaya ba. Akwai Old Course da kowa ya sani, akwai New wanda sunansa kawai sabo, tun 1895 aka buɗe shi, akwai Jubilee na 1897, da Eden na 1914, da Strathtyrum, da Balgove mai rami 9, da Castle na 2008 da ke can bisa tudu a wajen gari. In ka cire Castle, sauran shidan a manne suke da juna, yashi ɗaya, ciyawa ɗaya, iskar teku ɗaya. Amma kuɗin ya sha bamban. A watannin zafi bugu ɗaya a Old Course ya haura fam 300 kowane mutum. New bai kai rabin haka ba. Eden bai kai fam 100 ba. Ka buga wannan da canjin yau, ka ninka huɗu.

Kuma ko kana da kuɗin a hannu, ba shi ke ba ka shiga ba. Wanda bai nemi gurbi tun shekarar da ta gabata ba, sai ya shiga ƙuri'a. Ana shigar da sunaye kwana biyu kafin ranar bugu, kafin ƙarfe 2 na rana, mutum biyu zuwa huɗu, da sunan kulob ɗin kowa da handikaf ɗinsa, wato lambar da ke nuna iya bugun mutum, iya ƙarancinta iya ƙwarewarsa, da yamma sakamako ya fito. Handikaf kada ya wuce 36, kuma suna iya cewa ka nuna takarda. Ƙanin Alhaji ba shi da ita. Mun shigar da sunayenmu mu uku, a kan cewa in mun ci shi ya je Balgove. Ya ce ba komai, amma na ga fuskarsa lokacin da muke cike sunayen a waya, ya tashi ya tafi kicin wai zai dafa shayi. Mutum ya biya kuɗin biza da jirgi, ya baro iyalinsa, a ce ya tafi shi kaɗai ya buga da baƙi. Sau biyu muka shiga, sau biyu ba mu fito ba. A karo na uku likita ya ce a bar shi haka, kuma har ga Allah na ji sanyi a raina.

Akwai dillalai da ke sayar da gurbin Old Course na tabbas, haɗe da otal da mota. Ɗaya daga cikinsu ya turo mana farashi, kuɗin mutum ɗaya ya fi abin da mu huɗu muka kashe a gida da abinci na kwana shida. Ban ce cuta ba ce, halattacciyar sana'a ce a nan, amma ka san abin da kake saye kafin ka tura kuɗi.

Ranar Lahadi kuwa ba a bugu a Old Course sam, sai in babbar gasa ake yi. Filin ya koma wurin shan iska. Mun shiga da ƙafa, ba wanda ya tambaye mu ko sisi. Ga tsofaffi da karnukansu, ga ɗaliban jami'a a zaune kan ciyawa, ga yara na guje-guje a inda aka yi babbar gasar golf ɗin nan ta Open karo na 150 a 2022. Mun tsaya a kan 'yar gadar dutsen nan ta Swilcan a rami na 18 muka ɗauki hoto mu huɗu. Mun leƙa ramin yashin da ke gefen girin na 17 (girin shi ne shimfiɗaɗɗen wurin da ramin ƙwallo da tuta suke), mai bango a tsaye kamar rijiya, Alhaji ya daɗe yana kallonsa bai ce uffan ba. Mun ga girin bakwai ɗin da ramuka biyu-biyu ke rabawa, na 2 da na 16, na 3 da na 15, haka har na 8 da na 10, kullum jimillarsu 18. Na tuna yadda mai gadi ke tare yaro a ƙofar filayenmu na gida, sai jikina ya yi sanyi. Nan wurin da duniya ke kira mahaifar wasan, kuma a buɗe yake ga kowa rana guda a mako.

Yanzu ga labarin da zai faranta maka rai. Irin filayen nan na bakin teku, bugunmu na rani suke so. Ƙasar tauri gare ta, ƙwallo in ta sauka sai ta yi ta gudu, ga iska ba ta tsayawa. Wanda ya saba ɗaga ƙwallo sama ta faɗo ta tsaya cak, irin na filayen da ake shayarwa kullum, shi ke shan wahala. Alhaji da ya shekara ashirin yana bugu a busasshiyar ƙasa cikin hunturu ya san yadda ake sauke ƙwallo taku talatin kafin tuta a bar ta ta gangara da kanta. A New Course wani dattijo ɗan garin da ke bayanmu ya tsaya yana kallon wani bugun da ya yi ƙasa-ƙasa cikin iska, ya tambaye shi a ina ya koya. Alhaji ya ce a Kano. Likita kuwa, da ya fi mu duka ƙarancin handikaf, iska ta yi ta kwashe masa ƙwallaye zuwa cikin ƙayar nan mai furanni ruwan ɗorawa, wadda in ƙwallo ta shiga sai dai ka yafe.

Inda muka gane bambanci shi ne kan girin. Ka san filin da muka koya a kai, yashi ne da aka cakuɗa da mai, yaro ya ja buhu ko tabarma ya share maka layi, ka buga da ƙarfi kai tsaye. Nan ciyawa ce da aka aske kamar darduma, tana da tudu da kwari da ido ba ya gani da farko, kuma faɗinta ya isa a yi sallar Idi. Ranar farko bugu uku-uku muka riƙa yi kafin ƙwallo ta faɗa. Maganin yana nan kusa, da kuɗi kaɗan. Gefen Old Course akwai filin tura ƙwallo da ake kira Himalayas, na ƙungiyar mata ne da aka kafa tun 1867, 'yan fam kaɗan ake biya, yara da kakanni duk suna ciki. Ku fara da shi yammacin ranar da kuka sauka, hannunku zai gane saurin ciyawar kafin ku biya kuɗi mai yawa.

Batun kadi, wato mai ɗaukar wa ɗan wasa jakar sanduna, shi ne zai fi ba ku mamaki. A gida kana fitowa daga mota yara sun kewaye ka, ɗaya ya ɗauki jaka, ɗaya ya yi gaba yana duba inda ƙwallo za ta faɗa, abin da za ka ba su duka bai kai kuɗin cin abincin rana ba. Nan kadi babban mutum ne mai sana'a, sai ka nema tun da wuri, kuma kuɗinsa da ihsanin da ake ɗorawa a kai sun isa su biya maka bugu guda a Eden. Yawancin 'yan ƙasar su ke saɓa jakarsu, ko su ɗauki hayar 'yar kura mai taya su tura. 'Yar motar nan da ake hawa a filin golf a Abuja ba a ba da ita a Old Course sai ga mai takardar likita, a filaye da dama ma ƙalilan ce. Rami 18 tafiyar kusan awa huɗu ce a ƙafa, cikin iska. In akwai mai ciwon gwiwa a cikinku, ku faɗa tun wajen neman gurbi. Mun ɗauki kadi ɗaya rana ɗaya mu huɗu, ba don jaka ba, don ya nuna mana layi, kuma kuɗin bai tafi a banza ba. Tun daga ranar nake tunanin yaranmu na gida, waɗanda wasunsu sun fi masu jakar iya bugu, da ɗan abin da muke miƙa musu.

Lokaci kuma ba wasa. In an rubuta maka 9:20, to 9:20 ƙwallonka za ta tashi, bayan minti goma wasu ne. A wani fili da ba zan kama suna ba mun makara da kwata, saboda wata tarakta da ta tare mana siririyar hanya. Mai sallamar 'yan wasa ya saurare mu da ladabi, ya ba mu haƙuri, ya ce layi ya cika har yamma kuma kuɗi ba ya dawowa. Ba wanda za ka kira, ba wanda zai sa baki. Ya yi mana ciwo, amma washegari da muka tashi daidai kan minti, ba wani babban mutum da aka tsallako da shi gabanmu, na ga amfanin tsarin.

Carnoustie mun je mun gani, ba mu buga babban filin ba, kuma shawarar da zan ba ku ke nan. Kuɗinsa kusan na Old Course ne, kuma yana cikin mafi wuya a duk filayen da ake gasar Open. A can ne a 1999 Bafaranshen nan Jean van de Velde ya zo ramin ƙarshe yana buƙatar bugu 6 ya ɗauki kofi, ya yi 7, har ya tuɓe takalmi ya shiga rafi, Paul Lawrie ya cinye. In ya yi wa ƙwararre haka, me zai yi wa mai handikaf 24? Kingsbarns kyakkyawa ne ƙwarai, amma ya fi Old Course tsada. Muirfield kuma Talata da Alhamis kaɗai yake karɓar baƙi, kuma gurbin na ƙarewa tun da nisa.

Ranar da ta fi kowace daɗi a garin Crail muka yi ta, a filin Balcomie. Kulob ɗin tun 1786 yake, filin gajere ne, a kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, kusan ko'ina ka tsaya kana ganin ruwa. Daga wurin tashi na farko kana bisa tudu, filin duka a shimfiɗe a ƙasanka. A rami na 5 sai ka zaɓa, ko ka tsallaka da ƙwallo ta saman duwatsu da ruwa, ko ka bi ta hagu a hankali. Mu uku muka yi ta maza, ƙwallaye biyu suka tafi teku. Ƙanin Alhaji ya bi ta hagu da ƙaramar sanda, bugu bayan bugu, ya zo ya cinye ramin. Ihun da ya yi sai da mutanen rami na gaba suka juyo suna dariya suna tafa masa. Har muka koma gida zancen da yake yi ke nan, ya kira matarsa a mota ya ba ta labari tun daga farko. Kuɗin mu huɗu a ranar bai kai na mutum biyu a Old Course ba.

Sai 'yan abubuwan da ba a rubutawa a tallar filaye. Miyar da aka fi sayarwa a ɗakin cin abincin kulob, ta wani ɗan wake ja, sau da yawa da romon naman alade ake dafa ta, ku tambaya kafin ku sa cokali. Kifi da dankali na garin Anstruther ya cancanci sunan da ya yi, amma ko'ina za ku saya ku tambayi irin man da aka soya da shi, da ko an zuba giya a ƙullin. Ba sa jin haushin tambaya. Juma'a a Dundee muka yi, kusan rabin awa daga St Andrews in an haye gadar Tay, don haka kada ku karɓi gurbin tsakar rana a ranar. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, asuba kuma tana yi tun mutum bai gama juyi ba. Amfaninsa shi ne za ku iya tashi bugu ƙarfe 5 na yamma ku gama da haske, kuma filaye da yawa na rage kuɗi a wannan lokacin. Kada sunan bazara ya ruɗe ku, sanyin safiyarsu ya kai na tsakiyar hunturunmu, ga ruwa ba ya sallama. Rigar ruwa da wandonta a nan za ku saya, sun fi inganci. Ka ce ɗayanku bahago ne, to in hayar sanduna zai yi a nema masa tun yanzu, na bahagwai kaɗan suke ajiyewa.

Ga yadda nake ganin ku tsara. Ku sauka Edinbara, ku kama gida ɗaya a Fife ku zauna a ciki, kada ku yi ta yawo da kaya daga otal zuwa otal. Ku riƙe gurbi a Eden ranar farko, sai Crail, sai New ko Jubilee. Ku bar kwana biyu a sake saboda ƙuri'a, in dai dukanku huɗu kuna da takardar handikaf. In ɗaya ba shi da ita, yanzu ne lokacin da zai fara miƙa katin makinsa ga sakataren kulob, akwai isassun watanni. Lahadi ku bar ta don tattaki a Old Course.

Ka turo mini ranakun da kuka tsayar da handikaf ɗin kowa in fara nema kafin sanyi ya shigo, don gurbin Yuni tun a lokacin ake kwashewa. Kilishin da ka ce za ka taho mini da shi ka bar shi, doka ta hana shigo da nama daga gida, a filin jirgi za su karɓe. Yaji dai ka cika mini gwangwani biyu. Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata jikokinta na nan lafiya, kuma babban ya fara bina fili ranar Asabar.

Naka ƙane,
daga Gilasgo.