Cape Coast ko Elmina: ina ya kamata baƙo ya sauka?

Tsakanin waɗannan garuruwa biyu na bakin tekun Gana bai wuce kilomita 13 ba, kuma kowanne yana da tsohon sansanin Turawa inda aka tsare bayi kafin a loda su a jiragen ruwa. Kusancin ne ya sa masu shirya yawo daga Akara ke haɗa su a yini guda. Ba mu goyon bayan wannan tsari. Hanyar kusan kilomita 150 ce, amma cunkoson garin Kasoa kan ja ta zuwa awa uku ko huɗu, sai mutum ya iso rana ta take, ya zaga a gurguje, ya koma a gajiye. Ware kwana biyu, sannan ka zaɓi wurin sauka.

Cape Coast, wanda Fanti, mutanen yankin, ke kira Oguaa, shi ne babban gari. Mutanen Suwidin suka fara gina sansaninsa a 1653, Ingila ta ƙwace shi a shekarun 1660, kuma nan ne hedikwatar mulkinta har 1877 da aka koma Akara. A cikin ginin akwai gidan tarihi, wanda ya kamata ka fara da shi kafin ɗan jagora ya sauka da kai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Masauki ya fi yawa a nan, daga mai arha har mai tsada, ga bankuna, ga tashar mota. Ga Musulmi akwai ƙarin sauƙi: a zangon da ke kusa da kasuwar Kotokuraba za ka samu masallaci, naman halal, wake da shinkafa da suke kira waakye, da mutanen da za ku gaisa da Hausa.

Elmina ƙarama ce, amma ta fi tsufa, ta kuma fi shiga rai. Turawan Fotugal suka gina sansaninta a 1482, ba ginin Bature da ya girme shi a kudu da Sahara. Holan ta karɓe shi a 1637 bayan ta yi masa luguden igwa daga tudun da ke fuskantarsa, sannan ta gina wata ganuwa a kan tudun don kada a yi mata yadda ta yi wa wasu. Hawa wannan tudu na St. Jago minti goma ne, kuma daga can kake ganin garin duka. Sansanin Elmina ya koma hannun Ingila a 1872, a ciki kuma aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896. Abin da baƙo ba ya mantawa shi ne tsakar gidan da aka tara mata, da barandar gwamna a samanta, da ƙofar fita zuwa teku wadda mutum ɗaya kawai ke iya ratsawa. Matsalar Elmina masauki: na cikin gari kaɗan ne, ga hayaniya da ƙarnin kifi, manyan otal kuwa suna bayan gari, sai da tasi.

Shawararmu ita ce ka kwana a Cape Coast, ka ba Elmina safiya guda cikakkiya. Iso da ƙarfe bakwai ka tsaya a gadar da ke kan tafkin Benya lokacin da jiragen masunta ke shigowa. Kada ranar ta zama Talata, don ba a fita kamun kifi a teku ranar. Tasin da ke ɗibar fasinja tsakanin garuruwan ta fi shata arha nesa ba kusa ba. In shatar za ka yi, a daidaita kuɗi kafin ka shiga. Daga Akara kuwa, tashar Kaneshie ake hawa, kuma babbar bas ta fi trotro, wato ƙaramar bas ta haya, daɗin zama.

In rabin yini ya rage, zaɓi biyu ne. Dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa, yana da gadar igiya tsakanin dogayen bishiyoyi. Je da sassafe kafin motocin ɗalibai su iso. Assin Manso kuma, a hanyar Kumasi, nan ne rafin da bayi suka yi wankan ƙarshe. Mai bin tarihi ya zaɓi wannan, domin da yawansu daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin Salaga, wadda fataken goro Hausawa suka sani sarai.

Ruwan sama ya fi ƙarfi a Mayu da Yuni. Bikin Bakatue na Elmina a Talatar farko ta Yuli ake yi, Fetu Afahye na Cape Coast kuma a Asabar ɗin farko ta Satumba, kuma ɗakuna kan cika, haka ma a Disamba. Kama ɗaki da wuri.

Riƙe katin allurar shawara, ana neman sa a shiga ƙasar. Kuɗin shiga sansanin ya fi yawa ga wanda ba ɗan ƙasa ba, don haka riƙe sidi, kuɗin Gana, a hannu. A bakin ƙofa samari kan tambayi sunanka, kafin ka fito sun rubuta shi a bawon katantanwa suna jiran kuɗi. In ba ka so, kada ka faɗi sunan. Tekun nan kuma yana da igiyar ruwa mai ja ta ƙasa, kada ka shiga sai inda 'yan gari suka nuna maka.